Wasiƙa zuwa Kumasi kan sunan karenmu

Mutumina salamu alaikum, ya Kumasi ya kasuwa, ya madam da yara? Nan Funtuwa lafiya lau wallahi sai godiya, sanyi ne dai ya fara shigowa hazo ya rufe gari.

Kar ka yi dariya, mun yi kare. Eh kare fa. Ka san gonar nan ta bayan gari inda na zuba kaji, ɓarayi sun addabe mu, yau a ɗauke kaza gobe a kwashe ƙwai, shi ne wani mafarauci da muke mutunci ya kawo min kwikwiyo daga ƙauyensu, ja ne mai farin ƙirji da dogayen ƙafafu, irin karnukan farautar nan namu ba na Turawa masu cin abincin gwangwani ba. Baba da farko ya ɓata rai sosai sai da liman ya tuna masa cewa hadisi ya yarda a ajiye kare don gadin gona ko dabbobi ko farauta, sannan ya sauko, amma da sharaɗi ba zai tako masa cikin gida ba. Na ce na ji.

To yanzu rigimar suna ce ta tashi, kuma ban taɓa zaton abin zai kai haka ba.

Yara suka ce Bingo, wani ya ce Taiga, autanmu kuma ya kafe sai Rambo har da kukansa. Ni kam Bingo ya fita raina, ka fita layi ka ƙwala kiran Bingo ka ga rabin karnukan unguwa sun waigo, ina amfanin sunan da ba naka kaɗai ba.

Inna ce ta fi ba ni dariya. Ta ce a ƙauyensu da can ba a sa wa kare suna a banza, habaici ake yi da shi, mace in suna 'yar tsama da kishiya ko maƙwabciya sai ta sa wa karen gidan Ba-ruwanka ko Sai-ido ko Ku-yi-ta-faɗa, da safe ta fito tsakar gida ta yi ta kiran kare da ƙarfi, wadda aka yi dominta tana ji kuma ba ta da bakin kai ƙara wajen mai gari, ai kare aka kira. Ta ce in sa masa Sai-ido saboda masu hassadar kajin. Sunan ya min daɗi ba ƙarya, amma ka tuna mai gonar da ke gabas da mu wanda muka yi ta ja da shi kan iyaka har sai da dattawa suka shiga, to da ƙyar aka samu zaman lafiya, in na tsaya bakin iyaka kullum ina ihun Sai-ido Sai-ido ka san fassarar da zai yi. Shi kare ko a jikinsa, duk abin da ka kira shi in da tuwo a hannunka zai zo, mutanen da ke jin kiran ne abin tsoro.

Wani abokin aikina ya ce in sa masa sunan wani ɗan siyasa da ya ci amanarmu, na ce a'a ni ban shirya kwana a sel ba. Ka manta abin da ya faru a jihar Ogun a 2016? Wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa Buhari har ya rubuta sunan a jikin karen yana yawo da shi a unguwa, maƙwabcinsa da sunan mahaifinsa ke nan ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama shi aka kai shi kotu kan abin da zai iya tada husuma, shi kuwa yana ta cewa don ƙauna ya sa. Wataƙila har ransa haka yake nufi, amma a wajenmu ka haɗa sunan uban mutum da kare ai ka gama zaginsa. Shi ya sa ma na ƙi Jatau duk da ya dace da launinsa, akwai masu sunan a layinmu. Zaki kuma da shi ake gaida sarakuna, ban son fadawan hakimi su ji.

Ƙanena mai koyarwa a Islamiyya ya kawo Kiɗmir, wai sunan karen As'habul Kahfi. Alƙur'ani ya ambaci karen yana kwance ya miƙe ƙafafunsa na gaba a bakin kogo amma bai faɗi sunansa ba, a littattafan tafsiri ne wasu malamai suka kawo wannan suna. Baba ya ce sam, kada a jawo abin addini cikin wasan yara, gobe karen ya ci kazar mutane a bi shi da jifa ana zagin sunan. Nan dai na ga gaskiyarsa.

Likitan dabbobi da na kai masa shi ya duba cewa ya yi in zaɓi gajeren suna mai sauƙin kira wanda bai yi kama da na yaran gida ba, kuma in an sa a daina canjawa don kar a rikita shi. Ya ce in ya cika wata 3 za a yi masa allurar ciwon haukan kare sannan a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a katin allurar dole a rubuta suna, ka ga ba zan je in ce masa a rubuta kare kawai ba.

Yanzu saura biyu a hannuna, Guguwa da Barkono. Guguwa saboda gudunsa, in ya zabura bayan zabbi sai dai ka ga ƙura. Barkono kuma ja ne ga zafin rai, jiya ma sai da ya yaga wa mai kawo dusa ƙafar wando. Ni zuciyata ta fi karkata ga Barkono, ba sunan kowa ba ne kuma ba wanda zai ce da shi nake, uwargida kuma ta ce Guguwa, wai in ana kiran Barkono a gona mutane za su zaci talla ake. Ƙuri'a ta yi kankankan, kai ne za ka raba gardama tunda kai ka sa wa akuyar nan tamu suna muna yara kuma ya bi ta.

Ka turo min da murya ta WhatsApp kafin Juma'a don ranar Asabar zan mayar da shi wajen likita. Ka gaya min kuma irin sunayen da Ashantawa ke sa wa nasu, na ji su ma akwai masu yin habaici da su. A gaida madam da yara, da mutanen zango baki ɗaya.

Naka har kullum.