Cajin lantarki da mutuwar taurari

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Tambayar da ka jefo mini ce ta sa na zauna rubutu. Ka ce tunda caji iri ɗaya ture juna yake yi, me zai hana tsohon tauraro ya tara caji ya tokare kansa, kada ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da jan nauyinsa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta? Ba kai ka fara wannan tunani ba, masana sun daɗe suna buga lissafinsa.

Tauraro idan makamashinsa ya ƙare, nauyin kansa ne ke danne shi. A 1930 Chandrasekhar, yana ɗan shekara 19 a jirgin ruwa daga Indiya zuwa Ingila, ya gano cewa gawar tauraro da ake kira farin wada tana da iyakar nauyin da take iya jurewa, wadda yanzu aka san ta kai wajen ninki 1.4 na Rana. Idan cibiyar babban tauraro ta wuce nan, sai ilektron (ƙwayoyin zarra masu caji negetif) su nutse cikin furoton (masu caji fositif) su koma nutiron marasa caji, a sami dunƙule mai faɗin kilomita 20 kacal da ake kira tauraron nutiron, amma ya fi Rana nauyi. Shi ma yana da iyakar nauyin da in ya wuce zai rufta ya zama baƙin rami, wadda Oppenheimer da Volkoff suka fara lissafawa a 1939.

To, ga inda gizo ke saƙar. Turin lantarki tsakanin furoton biyu ya fi jan nauyinsu sau 1 da sifili 36 a bayansa. Wannan ƙarfin da kake fatan ya ceci tauraron, shi ne ke hana cajin zama. Da tauraro ya ɗan yi fositif, sai ya fizgo ilektron daga iskar da ke kewaye da shi, ya tunkuɗe furoton waje, nan take ya daidaita. Ka ɗauki Rana: ilektron ya fi furoton rashin nauyi sau 1836, don haka wasu kan sulale su bar ta da ɗan fositif, amma ƙiyasin bai kai kulom 100 ba (kulom shi ne ma'aunin caji). Duk girmanta, 'yan tsawa kaɗan na damina sun sauke wannan.

Kafin caji ya sauya tsarin tauraron nutiron, sai ya kai wajen kulom 1 da sifili 20. A irin wannan ƙarfi sarari kansa ba ya jurewa, sai ya riƙa haifar da ilektron da kishiyarsa fozitiron, su cinye cajin. Abin da ya fi burge ni ma shi ne, a ka'idar Einstein makamashin lantarkin yana da nauyi. Wato abin da ka zuba don tokare tauraron, wani ɓangarensa na ƙara danne shi.

A takarda dai akwai baƙin rami mai caji. Reissner ya fitar da lissafinsa a 1916, Nordström a 1918, kuma iyakoki biyu gare shi maimakon ɗayar da ke kewaye da baƙin rami mara caji da juyi, wadda in an ƙetare ta ba a dawowa. Amma na sararin sama, irin na tsakiyar gungun taurarin M87 da aka nuna hotonsa a 2019, nauyi da juyi ake bayyana su da shi, cajin bai taka kara ya karya ba.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, musamman ƙaramin mai son kallon wata. Idan Allah ya kawo ka da Sallah, ka taho da sauran tambayoyinka.

Naka har kullum,
Amininka