Wasiƙar Iyaye: Maganar Zaɓen Kulob da Neman Gurbin Jami'a

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, barkanmu da shigowa sabon zango, da fatan an yi hutu lafiya.

Wannan karon wasiƙar daga ofishin ba da shawara ta fito, don tun da muka raba fom ɗin kulob wayar ofis ba ta huta ba. Wani uban ya ce a sa masa ɗansa a kulob biyar wai ya ji an ce jami'o'in waje haka suke so, wata uwar kuma ta ce ita a cire mata 'yarta daga komai ta zauna ta yi karatun JAMB. To kowa da gaskiyarsa, amma akwai gyara, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani sau ɗaya kowa ya ji.

In dai yaronku jami'ar gida zai nema, Bayero ce ko Ahmadu Bello ko Danfodiyo, maganar gaskiya babu inda za a tambaye shi wane kulob ya yi. Abin da ake dubawa shi ne makinsa na JAMB cikin 400, da kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, sai tantancewar da jami'ar kanta take yi bayan JAMB. Kada wani ya ruɗe ku cewa satifiket ɗin kulob zai cike gurbin maki, ba zai cike ba ko kaɗan. Amfanin kulob ga irin wannan yaron daban ne, yaron da ya shekara uku yana muhawara ba ya rawar murya in an zaunar da shi intabiyun sikolaship, kuma wanda ya yi JETS, wato kulob ɗin kimiyya da fasaha, ya riga ya san ko da gaske yana son injiniyancin nan ko dai Baba ne yake so.

Inda maganar take da nauyi sosai shi ne Amurka. Jami'o'i sama da 1,000 suna karɓar fom guda ɗaya da ake kira Common App, ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta duk shekara, kuma a cikinsa akwai shafi guda na ayyukan da yaro ya yi a wajen aji. Gurbi goma ne a shafin. To wannan goman ita ce take tayar wa iyaye hankali, sai a ɗauka dole a cike duka, alhali ba dole ba ne. Kowane aiki haruffa 150 kacal aka ba yaro ya bayyana shi, haruffa fa ba kalmomi ba, sannan a tambaye shi awa nawa yake yi a sati, sati nawa a shekara, a waɗanne azuzuwa, daga abin da ya yi daidai da JSS3 ɗinmu har SS3. Kun ga ke nan yaron da ya shiga kulob shida a zangon ƙarshe na SS3 fom ɗin da kansa zai tona masa asiri. Jami'ar MIT ma da take da nata fom ɗin daban ayyuka huɗu kawai take yarda a rubuta.

Ingila kuma wata hanyar ce. Su ta UCAS ake nema, wato cibiyar da take karɓar fom ɗin neman jami'o'insu, yaro ya rubuta bayanin kansa cikin haruffa 4,000, kuma daga masu shiga a 2026 aka raba shi tambayoyi uku, amma dai kusan duk hankalinsu yana kan fannin da yaron zai karanta. Mai son likitanci, agajin da ya yi da Red Cross da abin da ya karanta da kansa sun fi masa amfani a can fiye da a ce shi ne kyaftin ɗin ƙwallo. A kula kuma likitanci da Oxford da Cambridge a tsakiyar Oktoba suke rufewa, tun kafin sauran.

Shawararmu dai ita ce abu ɗaya ko biyu, yaro ya riƙe tun daga SS1 ya daɗe a ciki har a san shi da shi. Taura biyu ma ba ta taunuwa balle biyar. Kuma don Allah shi za a bari ya zaɓa, ku dai ku zauna da shi ku tambaye shi me ya sa, don mu muke ganin yadda yaron da aka tilasta wa kulob yake zama a bayan aji yana kallon agogo. Mai son lissafi akwai Cowbellpedia da gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja take shiryawa, mai son rubutu ga kulob ɗin 'yan jarida, ga MSSN ta ɗalibai Musulmi ga FCS ta ɗalibai Kirista, ga Sikawut da kulob ɗin matasan manoma. Ba sai ya zama shugaba ba, amma ya zama akwai abin da za a nuna a ce shi ya yi wannan.

Ga kuma inda muke so iyaye su buɗe kunne sosai. Yaranmu da yawa suna yin manyan abubuwa a gida amma ba su ɗauke su a bakin komai ba, sai mu tambayi yarinya me kike yi bayan makaranta ta ce ba komai Malama. Da ka bi diddigi sai ka tarar kullum da yamma ita take taya mahaifiyarta suyar awara, ita take riƙe littafin bashi, ita ta san waken suya kwano nawa za a jiƙa ranar Juma'a da nawa za a jiƙa ranar Litinin, in gari ya waye kuma ita take shirya ƙannenta uku ta kai su firamare kafin ta taho. Wannan fa aiki ne, kuma a cikin Common App ɗin akwai rukuni na ɗawainiyar gida, akwai na aikin da ake biya, akwai na addini. Haka yaron da yake zama shagon kawunsa a kasuwa ranar Asabar yana canza sikirin ɗin waya, ko wadda ta haddace Alƙur'ani ta wakilci ƙaramar hukumarta a musabaƙa, ko mai koyar da ƙananan yara a Islamiyya. Duk ana rubutawa, kuma a ganinmu sun fi wani kulob ɗin da aka je aka ɗauki hoto aka dawo. Abin da ake so kawai a faɗi abin yadda yake, awa nawa, shekara nawa, yara nawa ta koyar, ba a cika shi da kirari ba.

Sai maganar da ba ta da daɗi. Akwai masu kiran kansu ejan da suke karɓar kuɗin iyaye su buga wa yaro satifiket na aikin sa kai da bai taɓa yi ba, har da cewa wai ya kafa gidauniya yana SS2. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mana da fayil cike da irin waɗannan, da muka tambayi yaron sunan unguwar da aka ce ya raba kayan abinci sai ya juya yana kallon babansa. Jami'a tana iya janye gurbin da ta bayar in ta gano ƙarya, sannan mu ne muke rubuta wasiƙar shaida daga makaranta, kuma ba za mu sa hannu a kan abin da ba mu gani ba, a yi mana afuwa tun yanzu. Mai son sahihin bayani kan karatu a Amurka ya nemi EducationUSA, suna da ofis a Abuja da Legas. A riƙa bibiyar dokokin biza kuma kafin a kashe kuɗi don suna yawan canzawa. Kuma ba Amurka ce kaɗai ba, akwai tallafin Mastercard Foundation a jami'o'i irin su Ashesi ta Ghana, su ma suna duba me yaro ya yi wa al'ummarsa ba maki kaɗai ba.

'Yan SS3 mun rage musu nauyi, wanda yake da kulob ya ci gaba da shi amma ba ma son a ɗauki sabo yanzu, lesin da jarrabawa sun ishe su. Iyaye mata da suka yi ƙorafin dawowa a makare mun ji, ranar Laraba ce kawai ranar kulob kuma za a tashi kafin la'asar don kada a rasa Islamiyya, kowane kulob da malami ko malama a tare da su har a watse.

A taimaka a saya wa kowane yaro ɗan littafi mai arha ya riƙa rubuta abin da ya yi da kwanan wata, don in an zo cike fom bayan shekara biyu ba mai tunawa. Fom ɗin kulob a dawo da shi wurin malamin aji kafin Juma'a mai zuwa da sa hannun uba ko uwa ko mai riƙo, wanda nasa ya ɓata ya turo yaro ya karɓi wani. Mai son ganinmu ido da ido ofis a buɗe yake Litinin zuwa Alhamis bayan tashi, a zo da yaron.

Mun gode, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka.

Ofishin Ba da Shawara