Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar birnin Damagaram kan zubewar gidajen Birni

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga Lome, inda nake koyar da zanen gine-gine, a matsayina na ɗan Birni wanda danginsa suke kwana har yau a ƙarƙashin rufin azara. Maganata ɗaya ce, kuma ba baƙuwa ba ce a gare ku: unguwar da ta sa ake kiran Damagaram birni tana zubewa damina bayan damina, kuma abin da ya fi yawa a tsakaninmu shi ne jaje bayan gini ya faɗi.

Ba sai na tuna muku ba cewa tun 2006 Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan tsohon garin Damagaram, wato Birni da fadar Sarki, a jerin wuraren da take fatan a sa cikin kayan tarihin duniya. Agadas ta shiga a 2013. Mu kuwa muna nan a layin jira, har yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka miƙa takardar ya isa a yi masa maganar aure. A 2018 an yi bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriyar Nijar, a garinmu da taken Zinder Sabuwa, aka shimfiɗa kwalta, aka kafa fitilu, muka yi murna kamar kowa. To amma da alama wasu sun fahimci cewa kafin Damagaram ta zama sabuwa sai tsohuwar ta gama kwantawa, domin abin da lungunan Birni suka samu bai kama ƙafar abin da suke bukata ba. Na san ba ku ne a kujerar ba a waɗannan shekaru, sai dai wanda ya gaji kujera ya gaji alkawarin da aka ɗauka a kanta.

A farkon Satumban 2024 tsohon masallacin Birni da aka gina tsakanin 1850 da 1852 ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Gaskiya ne daminar 2024 ta yi ɓarna a faɗin ƙasa, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. Amma masallacin nan ya ga zamanin Sarki Tanimu, ya ga shigar Faransawa a 1899, yana tsaye aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ya sha damina fiye da 170 bai durƙusa ba. Ginin da ya yi wannan juriya ba ruwan dare ɗaya ke kayar da shi ba, sai in an daɗe da barinsa shi kaɗai.

Ku ba ni dama in faɗi abin da zaman bakin teku ya koya mini, domin a nan ne na daina ganin siminti a matsayin maganin komai. Kullum da safe nakan hau ɗan kabu-kabu zuwa makaranta, in wuce gidajen bene waɗanda ba su kai shekarun ɗalibaina ba amma ginshiƙansu sun fara tsagewa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishirin ya ratsa kankare ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa abin da aka zuba domin ya kare shi. Mai gida a Lome ya san cewa in bai bi gininsa da gyara da fenti ba, teku za ta karɓe shi a hankali, alhali ruwan saman da ke sauka a nan kusan ninki biyu ne na wanda Damagaram take samu. Yawancin yinina yana ƙarewa ne a ɗakin zane, ina bin teburin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, 'yan Chadi da Kamaru da Mali da Nijar da sauran ƙasashe, ina gyara musu kaurin bango da inda taga za ta fuskanta. Idan muka zo darasin yadda ake gina gida mai sanyi ba tare da na'ura ba, hotunan unguwannin Birni da Zango nake haska musu: zaure mai bakan gizo, bangon tubali mai kauri wanda yake riƙe zafin rana har dare ya yi, zankwaye a kan soro, da zanen dagi a goshin ƙofa. Sukan kwafa da sha'awa, sannan wani ya ɗaga hannu ya tambaya ko gidan yana nan har yanzu. Wannan tambaya ce na fi tsoro a duk aikina, domin amsarta tana canzawa daga shekara zuwa shekara.

Abin da ke kashe ginin ƙasa sananne ne, kuma mafi yawansa yana ƙarƙashin ikonku. Ginin ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Birni tana zaune a tsakanin duwatsu, ruwa ba ya nutsewa da sauri, yana gangarowa ne ya nemi hanya. Idan lungu ba shi da magudana, ko an cike shi da shara, ko maƙwabci ya ɗaga daɓen ƙofarsa ya tura ruwa gidan na kusa, sai ruwan ya kwanta a gindin bango ya ci shi har nauyin sama ya rasa abin dogara. Na biyu shi ne indararo: idan ya toshe ko ya karye, ruwa ya taru a kan soro, azara ta jiƙe, rufi ya yi nauyi. Na uku, wanda ya fi ba ni takaici domin da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Simintin ba ya haɗa jiki da ƙasa, yana hana damshi fita, bangon ya ruɓe a ɓoye yana sheƙi a waje, ran da zai saki kuma ya saki gaba ɗaya. Kakanninmu da makuba da laso suke yaɓe, abin da yake korar ruwa amma ya bar bango ya sha iska, kuma sun san aiki ne na maimaitawa.

Masu wannan sani suna ƙarewa. Tsofaffin magina suna rasuwa, 'ya'yansu sun koma buga bulo domin nan ne kuɗi yake, kuma ba na ganin laifinsu. Amma kada a ce mana ginin ƙasa aikin talauci ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa, duniya ta yaba. Mutanen Jenne a Mali kan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu. Ko a nan Togo, gidajen ƙasa na Kutammaku sun shiga jerin UNESCO tun 2004. Shin ƙasar Damagaram ce ta fi ta kowa rauni, ko kuwa mu ne muka fi kowa saurin mantuwa?

Na san kai suna gaban UNESCO aikin gwamnatin tsakiya ne, kuma na san aljihun hukumar gari ba shi da zurfi. Akwai ƙishirwar da ta daɗe tana damun garin, akwai ganuwar Tanimu da ta koma ɓurɓushi, amma ba su na zo faɗa ba yau. Don Allah, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. A zagaya Birni gida gida tare da fadar Mai Martaba da masu unguwa da tsofaffin magina, a rubuta kowane gini da halin da yake ciki, a ware waɗanda ba za su iya jiran wata damina ba. A buɗe wa ruwa hanya a lungunan da yake kwanciya. A daina ba da izinin rushe tsohon gida ko shafe shi da siminti a cikin unguwar sai wanda ya san ginin ƙasa ya duba. A kuma ba maginan gargajiya aikin gyara da lada mai kyau, bisa sharaɗin kowannensu ya ɗauki yara ya koya musu.

Ɗaliban Nijar da suke karatu a hannuna za su iya yin awo da zanen waɗannan gidaje a lokacin hutu, ni ma zan zo tare da su, ba ma neman komai sai izini da wanda zai gabatar da mu ga masu gidajen. Yaɓe aikin rani ne, saboda haka ina jiran amsarku kafin hadari ya fara haɗuwa.

Naku,
Wani ɗan Birni, malamin zanen gine-gine a Lome