Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Man Juyen Motarsa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Ya zafin Gombe? Mu nan Bauchi lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ƙaninka ya nuna mini hoton Corollar da ka saya, ƙirar 2005. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Sai dai ya ce makanikinka ya sa ka riƙa zuba mata 20W-50, wai tsohuwar mota sai mai mai kauri. Maganar nan ce ta hana ni sakat har na zauna rubutu.

Ka san shekarun da na yi ina jan Fijo 504 tsakanin Bauchi da Jos. Wannan man nake ba ta, kuma bai taɓa ba ni kunya ba, don injinta na zamanin da ne, akwai sarari a tsakanin ƙarafansa. Taka ba haka take ba. Injinta irin VVT-i ne, da ƙarfin mai yake daidaita lokacin buɗewar bawul, ta wasu 'yan siraran hanyoyi. In man ya yi kauri, sai ya yi nawa a hanyoyin nan, motar ta yi nauyi, ta ƙara shan fetur. Kafin ka saurari kowa, ɗaga bonet ka karanta murfin da ake zuba mai, ko ka duba littafinta. A irin taka, 5W-30 na saba gani.

Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man ke gudu in inji ya kwana ya huce. Ka tuna man gyaɗan mahaifiyarka da asubar hunturu, yadda yake daskarewa a kwalba sai an ajiye shi kusa da murhu? To inji ma da safe jira yake mai ya hau masa kai, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ƙaramar lamba ta fi saurin isa. Ta biyun kuwa kaurinsa ne bayan inji ya ɗau zafi.

Za su ce maka ai ƙasarmu da rana. Gaskiya ne, na san Gombe a watan Afrilu. Amma in lagireto da fanka lafiyarsu lau, zafin inji yana tsayawa ne wajen digiri 90, ko a Gombe ko a Ingila. Kada dai ka yarda a cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji.

Ban ce ba a ƙara kauri ba. Kowace Juma'a, kafin ka tayar da ita, zaro gejin mai ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. In ka ga mai yana raguwa sosai kafin lokacin juye, ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, to ka hau mataki ɗaya, 10W-40, ka lura da ita. Amma ka sani rufa mata asiri kawai ka yi. In ringin fistan ya cinye, sai an sauke inji.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne man duro da ake aunawa a kwalba. Wata rana a kan hanya na saya don araha. Ban yi wata biyu ba fitilar mai ta fara ƙiftawa a kan hawa, ga fasinja cike. Da aka buɗe injin, baƙin abu na tarar kamar kwalta, na lakato shi da yatsa. Kuɗin gyaran nan ne ya sa shekarar ban yi layya ba. Sayi galan a rufe, ka fasa hatiminsa da hannunka, ka tsaya a zuba a gabanka. Da ƙurar nan tamu, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba, kuma a canza filta tare.

In za ka zo hutun Sallah, taho da ita ka kwana, da safe ni zan tayar da ita in ji muryarta. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka