Wasiƙar Makaranta ga Iyaye: Ciwon Maƙogwaro a Wannan Sanyin

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yara na Mai Wurno da kewaye. Ya sanyi, ya iyali?

Tun shigowar sanyi yara da dama suke fashin makaranta saboda ciwon maƙogwaro. Yawancinsa mura ce, tana tafiya da kanta. Amma akwai wanda wata ƙwayar bakteriya ke kawowa, sitireftokokas rukunin A, kuma ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15.

Mun sha jin ana cewa ai bara ma yaron ya yi ciwon, ya warke ba magani. Haka ne, sai dai ba lallai ƙwayar bara ce ta dawo bana ba. Sunansu ɗaya, halinsu daban, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. A jikin ƙwayar daga waje akwai wani furotin mai suna M da take kare kanta da shi daga garkuwar jiki, kuma ƙwayar gadon da ke haɗa shi ta kasu iri fiye da 200. Jikin da ya ci galabar iri ɗaya yakan kasa gane na gaba. Wasu irin suna ɗauke da gadon dafi mai fesar da jajayen ƙuraje. A 2019 masana a Ingila sun bayyana wani reshe, M1UK, da ya fi tushensa yawan dafi. Wannan yawan iri na cikin abin da ya hana samun allurar riga-kafi har yau.

Abin da ya fi damunmu shi ne zuciya. Idan ba a sha magani ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin wasu yaran takan juya ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Irin wannan lalacewar ce mafi yawan aikin da Cibiyar Salam, asibitin tiyatar zuciya da ke Soba, kudu da Khartum, ta yi ta yi tun buɗe ta a 2007.

Don Allah, yaron da haɗiya ke masa zafi, ga zazzaɓi, ga kaluluwa a wuya, amma ba tari ba majina, a kai shi asibiti. Cire hakin wuya wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar. In likita ya rubuta fenisilin ko amoksisilin na kwana 10, a cika goman ko da ya tashi yana wasa a rana ta uku. Bayan yini guda cur da fara magani, in zazzaɓi ya sauka, ya dawo aji.

Wassalam,
Hukumar makaranta