A duba tsohuwar kyamara kafin a miƙa wa 'yan gwangwan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin mutanen Kano kan tsofaffin kyamarorin fim da ke kwance a akwatunan iyaye da kakanni, waɗanda magada kan miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tsofaffin masu hoto na Sabon Gari da Fagge, da alhazai, da ɗalibanmu da suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet a shekarun 1970 da 1980, sun shigo da irin waɗannan kaya, kuma a cikinsu akwai nau'in da ya cancanci a tsaya a duba da kyau, wato kyamara mai ma'aunin tazara.

Gane ta ba wuya. A goshinta akwai ƙananan tagogi biyu ko uku, kuma idan mutum ya kara ido zai ga wani ɗan gurbi mai haske inda abu ɗaya ke fitowa biyu. Sai a dinga murza gilashin gaba har siffofin biyu su hau kan juna, nan ne saiti ya zauna. Idan an murza ba su motsa ba, ma'aunin yana bukatar gyara.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen suna. Kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fitar da kyamarar Leica II a 1932, Sobiyet kuma suka kwaikwaye ta, suka fara ƙera FED a birnin Kharkiv a 1934, sannan Zorki a Krasnogorsk kusa da Mosko a 1948. Kamar ta yi yawa har wasu 'yan damfara suka riƙa kankare sunan asali suna zana Leica a madadinsa, wani lokaci su shafa mata ruwan zinariya su ƙara tambarin sojan Jamus, domin su ruɗi mai saye. Duk wanda aka kawo wa irin wannan mai ƙyalli, ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ya kwance gilashin, ya leƙa saman bakin kyamarar daga ciki: a Leica ta gaskiya, ɗan hannun da ke taɓa bayan gilashi yana ɗauke da ƙaramar taya zagayayya mai juyawa, a FED da Zorki kuwa guntun ƙarfe ne mai gangara wanda ba ya juyawa. Bayan haka a gwada lambar da ke saman kyamarar da jerin lambobin Leitz, wanda ke nuna samfurin da shekarar ƙira.

A ganina, Zorki mai amsa sunanta ta fi Leica ta jabu daraja nesa ba kusa ba, kuma bai kamata a raina kayan Sobiyet ba. Kyamarar Kiev, alal misali, Contax II ce ta kamfanin Zeiss Ikon na Jamus wadda ta fito a 1936, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinan ƙera ta zuwa masana'antar Arsenal ta birnin Kiev. Gilashin Jupiter-8 na Sobiyet ma tsarin Sonnar na Zeiss aka bi, kuma sau da yawa lambobi biyu na farko a jikinsa su ne shekarar da aka yi shi. Na Japan, irin su Yashica Electro 35 ta 1966, su ma ana samun su a hannun jama'a, sai dai batirin ita Yashica na asali an daina yin sa, don haka shirunta ba lallai ne mutuwa ba.

Wanda ya samu ɗaya kuma ya kiyaye ta daga yanayin garinmu. Labulen da ke buɗe wa haske hanya a Leica da Zorki na yadi ne, kuma idan aka bar gilashin ba murfi yana kallon ranar Kano, zai tara zafi ya huda labulen. Laimar damina tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, wadda ake gani kamar saƙar gizo idan an haska tocila ta baya, ƙurar hunturu kuwa tana karce shi idan aka goge da bakin riga. A Zorki da FED, kada a taɓa maɓallin saita saurin labulen sai an ɗana kyamarar, wato an murza fim ɗin gaba, domin yin hakan na iya lalata na'urar.

Ina kira ga hukumar Gidan Makama da ta ware wani sashe na irin waɗannan kyamarori tare da hotunan Hawan Daushe da na Kasuwar Kurmi da aka ɗauka da su, a rubuta sunan mai hoton da shekarar a jikin kowanne, tun tsofaffin da suka riƙe su suna raye ana iya tambayarsu.

Naka,
Wani mai sana'ar hoto,
Fagge, Kano.