Karyar da ƙanena ya karɓo a Maigatari

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya kasuwa? Mu nan gefen Gumel lafiya lau, an yanke gero ana ta kai dammuna rumbu. Inna tana gaishe ka.

Na san har yanzu zancen farauta bai fita ranka ba, shi ya sa na ce sai ka ji wannan. Ƙanena ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo da wata budurwar karya da ya karɓa a hannun wani Buzu. Tun da ta shigo gari gardama ta kaure a dandali. Wasu suka ce yunwa ce ta rame da ita, wasu suka ce jinin karnukan Turawa ce, wani yaro ma ya ɗauki hotonta a waya, manhajar ta ce masa karen tseren Ingila ne.

Sai muka kai ta wurin Sarkin Dawa. Wallahi da kana nan da ka ƙaru. Ko kallon launinta bai yi ba. Tafinsa ya ɗora a kafaɗarta ya shafa har kwankwaso, ya nuna mana yadda ƙasusuwan ƙugu suka taso daidai da kafaɗa. Ya ce mu duba tsayinta ya fi tsawon jikinta, ƙirji ya sauka ƙasa, ciki ya ɗame sama kamar an ɗaure shi da igiya, gashi gajere, a mara kusan babu. Da yamma ya sa aka sake ta a gona, ya ce mu lura da kanta kawai. Ba ta sa hanci a ƙasa ba. Kai ta ɗaga tana dube-dube, zomo na motsawa ta fyalla. Ya ce, "Wannan da ido take farauta, irin ta Abzinawa ce."

Irin da yake nufi shi ne Azawak, sunan wani kwari tsakanin Mali da Nijar, inda Buzaye ke korar barewa da zomo da su, kuma su tsare musu zango. Tsayinsu santimita 60 zuwa 74, nauyi kilo 15 zuwa 25, don haka ganin haƙarƙarinsu halitta ce. Da ƙyar na shawo kan Inna ta daina ɗura mata tuwo.

Amma fa tsohon bai ce zalla ba ce. Azawak kunnensa a kwance yake, ita kuwa nata rabi a tsaye, wutsiyarta kuma ta nannaɗe a gadon baya. Wannan jinin karnukanmu na gida ne, kuma ni ban ga aibi a ciki ba. Yana ɓata mini rai yadda duk karen da ya yi kyau sai a jingina shi ga Turawa, alhali namu tsohon iri ne mai zaman kansa, ya saba da zafinmu da ƙayarmu. Kamfanin Embark na Amurka, mai gwajin asalin kare da yawun bakinsa, shi kansa ya ware karen ƙauyen Afirka ta Yamma a rukuninsa daban.

Mun riga mun kai ta wurin malamin dabbobi an yi mata allurar haukan kare.

Kwanaki ka ce mini kana neman karen gadin shago. Don Allah kada ka yarda a cusa maka ɗan kwikwiyo da sunan Alsatian, wato karen Jamus, don kawai baƙi ne da ja. Ƙuruciya tana ɓoye siffa, sai ya zubar da haƙoran nono wajen wata shida ake ganin ainihin kunne da ƙirarsa. Ka ce a nuna maka uwar, in da hali har da uban. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, turo mini hotonsa yana tsaye ta gefe, ƙafafu huɗu a ƙasa, in kai wa Sarkin Dawa ya duba.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka amini.